Katakon Kusa da Katakon Ƙetare: Lissafin da Ya Ƙi Ba Ni Haɗin Kai

Lokacin da na ƙudurta yin rufin wani ƙaramin gini da katako, tambayar da ta fara zo mini ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan, domin na ɗauka amsarta a fili take. Akwai katakon da aka yanka a cikin ƙasa, akwai kuma wanda ya ƙetaro teku a cikin sunduƙin jirgin ruwa, ni kuwa na daɗe ina bibiyar maganar sauyin yanayi, saboda haka tun kafin in ɗauki biro na riga na yanke hukuncin cewa na kusa shi ne mai ƙarancin hayaƙi. Wane mai hankali ne zai yarda cewa falankin da ya yi tafiyar dubban kilomitoci zai fi wanda aka saro a dajin da mota ke isa cikin yini guda sauƙin illa ga duniya? Da wannan tabbaci na zauna yin lissafi, niyyata in tara alƙaluman da zan kafa hujja da su, sai lissafin ya ƙi ba ni haɗin kai.

Wanda ya fara karkato da hankalina wani dattijon kafinta ne da na ɗauka aikin, mutumin da bai taɓa buɗe rahoton sauyin yanayi ba, amma ya shekara fiye da talatin yana ɗaga katako da hannunsa. Ya jawo falankai biyu masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya ya jingina su da bango, ya ce in ɗaga na farko sannan in ɗaga na biyu. Na farkon ya taso ba wuya, na biyun kuwa sai da na sa hannu biyu, da na ajiye shi kuma na ji danshi a tafin hannuna. Na ce, "Baba, ai waɗannan ba itace ɗaya ba ne." Ya ce, "Itace ɗaya ne, ɗana. Wancan ya bushe, wannan kuwa kusan rabinsa ruwa ne, kuma ruwan nan mota ce ta ɗauko shi tun daga daji." Shi maganar nauyi yake yi, ni kuwa sai na ji ta a matsayin maganar man dizal, domin kowane kilo da mota ta ja, na itace ne ko na ruwa, sai an ƙona mai kafin ya motsa, kuma lita ɗaya ta dizal tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon, wato iskar da ke ɗumama duniya.

Masu lissafin hayaƙin sufuri suna tambaya ne: idan aka ɗauki tan ɗaya aka yi tafiyar kilomita ɗaya da shi, giram nawa na iskar kabon za a fitar? Babban jirgin ruwa mai dakon sunduƙai yana fitar da abin da bai wuce giram 10 zuwa 20 ba, jirgin ƙasa yana kaiwa kamar 20 zuwa 30, babbar mota mai shan dizal kuwa takan fara daga wajen 60 ta haura 100, gwargwadon girmanta da lodinta da lafiyar hanyar da take bi. Ma'anar wannan ita ce tafiyar kilomita 1,000 a bayan tirela tana iya yin daidai da tafiyar kilomita 6,000 ko 7,000 a kan teku. Wannan bai wanke jiragen ruwa ba, domin binciken da hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, wato IMO, ta fitar a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2018 kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ɗan Adam ya fitar daga gare su ya fito. Sai dai jirgin yana raba laifinsa ne a kan dubban tan na kaya, ita kuwa mota a kan tan ashirin ko talatin take raba nata.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, na nemi misali na zahiri. A shekarar 2012 an kammala wani bene mai hawa 10 mai suna Forté a birnin Melbon na Ostareliya, wanda a lokacin ake kallonsa a matsayin gidan zama na katako mafi tsawo a duniya, kuma manyan allunan da aka gina shi da su daga Ostiriya aka yo dakonsu, wato daga tsakiyar Turai zuwa ɗaya ƙarshen duniya. Irin waɗannan alluna, da ake kira CLT, falle-fallen katako ne da ake jerawa ana gicciya su sannan a manne da gam, kuma a Ostiriya da Jamus aka raya fasaharsu a shekarun 1990. Kubik mita ɗaya na busasshen katako irin na fayin ko sifurus, itatuwan nan masu ganye kamar allura, yana da nauyin kusan rabin tan. Idan na ɗauki tafiyar kilomita 16,000 a kan giram 15, abin da zai fito shi ne kilo 120 na iskar kabon a kan kowane kubik mita, ban da motar da ta kai shi tashar jiragen ruwa da wadda ta ɗauke shi daga can. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne, yana iya kamo ko ma ya wuce dukan hayaƙin da masana'anta mai tsabta ta fitar wajen sarrafa katakon, don haka masu cewa nisa ba kome ba ne su ma sun yi kuskure.

Da na juya ga katakon kusa sai maganar dattijon ta dawo mini. Idan aka shigar da gungume cikin injin yanka, kusan rabinsa ne kawai ke fitowa a matsayin falanki, sauran ya tafi a ɓawo da gefe-gefe da garin katako, saboda haka kubik mita ɗaya na falanki yana buƙatar kusan kubik mita biyu na gungume, kuma gungumen ɗanye ne, cike da ruwa, nauyin biyun ya kusa tan biyu. A ce masana'antar tana da nisan kilomita 300 daga dajin, a kan giram 100 an riga an fitar da kilo 60 kafin zarto ya taɓa itacen, kuma motar gungume galibi wayam take komawa. A ƙara da wasu kilomita 600 daga masana'anta zuwa wurin gini, wanda zai kawo kilo 30, sai ga shi tazarar da na zata mai faɗi ce ta tsuke. Kalmar "na gida" ma tana da yaudara a cikinta. Daga Fat zuwa Sidni a kan titi kusan kilomita 4,000 ne, amma duk cikin Ostareliya ake, alhali Birtaniya, wadda ke shigo da kusan kashi 80 cikin 100 na katakon da take amfani da shi, yawancin falankanta daga Suwidin da Latbiya da Finlan suke zuwa, ta gajeriyar tafiyar ruwa. A takardar kwastan na farkon shi ne na gida, na biyun shi ne baƙo, amma a ma'aunin hayaƙi lamarin na iya juyewa.

Ashe ma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ruwan nan da na ji a tafin hannuna dole ne ya fita kafin katakon ya shiga gini, in ba haka ba zai lanƙwashe, ya tsage, ya saki ƙusa. Katakon gini akan busar da shi har danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100, wanda za a manna da gam kuwa sai an kai shi wajen kashi 12. Don cim ma haka a kubik mita ɗaya, ana iya fitar da ruwan da ya kai kilo 300, kuma mayar da ruwa tururi aiki ne mai cin wuta, shi ya sa ɗakin busarwa ke cinye mafi yawan makamashin da masana'antar katako ke amfani da shi. Idan na ƙiyasta cewa aikin zai ci zafin da ya kai yunit 300, ina nufin kilowat na awa guda sau 300, to abin da ake ƙonawa domin samar da wannan zafi shi ne ke yanke hukunci. Da iskar gas, hayaƙin zai kai wajen kilo 60. Da dizal, wajen kilo 80. Da kwal, ya haura 100. Idan kuwa da wutar lantarkin da aka samar daga kwal ake ɗumama ɗakin, zai tunkari kilo 270, wato fiye da ninki biyu na tafiyar nan daga Turai zuwa Ostareliya. Manyan masana'antun arewacin Turai kuwa ɓawon itacen da garin katakon da suka tara suke ƙonawa a tukunyar tururi, sharar da injinsu ya zubar ita ke busar da kayansu.

Na ga kishiyar wannan da idona a wata ƙaramar masana'anta da na ziyarta lokacin da nake neman kaya. A bayan rumfar injin akwai tudun garin katako da ya fi tsawon mutum, an cinna masa wuta don a rage shi, yana cin kansa a hankali, wani siririn hayaƙi mai yaji yana tashi daga gefensa har idona ya yi ruwa. Taku kaɗan daga wurin janareta ne ke ruri, yana shan dizal domin ya juya zarton, wani yaro kuma yana tsaye da jarka yana jiran ya ƙara masa mai. Makamashi na ƙonewa a banza ta hannun dama, ana sayen wani ta hannun hagu. Ban ga laifin mai wurin ba, domin tukunyar tururi jari take so, shi kuwa abin da ya samu da shi yake aiki, amma na tsaya ina kallon tudun nan na san cewa kusancin masana'antar da wurin ginina bai isa ya goge abin da ke fita daga bututun janaretan ba. A gefe guda kuma, a wannan wurin na ga abin da babbar masana'antar ƙasar sanyi ba ta da shi da sauƙi: falankai a jere ƙarƙashin inuwa, an sa 'yan sanduna a tsakaninsu iska na ratsawa, suna bushewa ba tare da an ƙona ko digon mai ba. Inda yanayi ke da zafi da bushewa, wannan hanya tana kai katako matakin da rufi ke buƙata cikin 'yan watanni, abin da take nema kawai haƙuri da fili.

Wutar lantarkin da ke juya injuna ita ma tana bin ƙasar da aka samar da ita. Yunit ɗaya daga tashar kwal yana zuwa da kusan kilo ɗaya na iskar kabon, daga tashar gas kusan rabin haka, a Nowe da Suwidin kuwa, inda ruwa da iska da nukiliya ke ba da mafi yawan wuta, bai kai giram 50 ba. Injin da ke aiki a Polan ko Afirka ta Kudu, waɗanda har yanzu suka dogara da kwal, zai iya zama iri ɗaya sak da na Suwidin, amma falankin da ya fito daga cikinsa yana ɗauke da kaya daban. Sai kuma gam, wanda daga man fetur da iskar gas ake samo sinadaransa. A allon CLT bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na nauyi ba, amma a allon da ake yi da niƙaƙƙen itace, irin wanda ake kira MDF, yakan kai wajen kashi 10, kuma a nan rabonsa na hayaƙin yana da girma. Sau da yawa masana'antar da ke kiran allonta na gida, gam ɗinta daga ƙetare take sayowa.

Duk waɗannan alƙaluma, daga na jirgi zuwa na ɗakin busarwa, ƙanana ne idan aka ajiye su kusa da abin da ke faruwa a dajin da aka sari itacen, kuma a nan ne na fi daɗewa ina jujjuya biro. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiyar ta zuƙo daga iska tsawon rayuwarta, kuma kowane kilo na kabon idan ya ƙone ko ya ruɓe yana zama kusan kilo 3.7 na iskar kabon. Kubik mita ɗaya na falankin fayin yana riƙe da abin da ya haura kilo 800 na wannan iska a ɗaure. Masu tallar katako suna son wannan adadi ƙwarai, suna cire shi daga lissafi su nuna cewa kayansu ya ma rage hayaƙin duniya. Hujjar tasu tana tsayawa ne a kan sharaɗi ɗaya, cewa wata bishiya za ta tsiro a gurbin wadda aka sare ta sake zuƙo abin da aka ɗauke. Idan dajin bai dawo ba, idan aka mayar da shi gona ko makiyaya ko aka bar shi fili, to lissafin ya kife: gungumen kubik mita biyu da ya ba da falankin yana ɗauke da kilo 1,600 da ɗoriya, a haɗa da rassa da kututture da saiwoyi da aka bari suna ruɓewa, sai asarar ta haura tan biyu a kan kowane kubik mita na falanki. A ajiye tan biyu kusa da kilo 120 na jirgin ruwa, a ga wanda ya cancanci a fara tambaya a kansa.

Wannan ba ya nuna bambanci tsakanin kusa da nesa, domin ana iya cinye daji a bayan gidan mutum kamar yadda ake iya cinye shi a wata nahiya. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2020 duniya ta riƙa rasa kusan hekta miliyan 10 na daji a kowace shekara. Gaskiya ne faɗaɗa gonaki ne babban dalili, amma hanyar da masu sarar itace suka buɗe ita ce sau da yawa manomi da wutar daji ke bi su shiga. Ga kuma irin yankan da ake yi da injin hannu a cikin daji, wanda sarƙarsa ke cin tsaga mai faɗi ninkin ta zarton masana'anta sau biyu ko uku, ta yadda bishiya ɗaya ke ba da falankai kaɗan, sai a ƙara sare wata. Mutumin da ya guji katakon ƙetare saboda hayaƙin jirgi ya sayi irin wannan, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ko a inda ake sake shuka, akwai maganar lokaci da ta ƙasar da bishiyar ke tsaye a kanta. Fayin da ake nomawa a Niyu Zilan yakan isa sara cikin shekara 25 zuwa 30, amma a dazuzzukan arewacin Turai ana iya jiran shekara 80 zuwa 100, kuma a duk tsawon wannan jira, kabon da ya fita daga rassan da suka ruɓe da garin katakon da aka ƙona yana sama yana aikinsa na ɗumama duniya. Wato ko tukunyar tururin da na yaba a baya bashi take ci, dajin ne ke biya a hankali. Sai dausayin nan mai tarin ruɓaɓɓun tsirrai na dubban shekaru, wanda bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ke binne a cikinsa ya fi wanda ke jikin dukan bishiyoyin dazuzzukan duniya. Da zarar an haƙa magudanai an tsotse ruwansa domin a shuka itace, sai ya fara sakin wannan kabon shekara da shekaru. Gobarar da ta tashi a Indunusiya a 2015 ta yi muni ne saboda irin wannan ƙasa da aka busar, Finlan ma, wadda ake buga misali da ita wajen kula da daji, ta tsotse kusan rabin dausayinta a ƙarnin da ya wuce domin noman itace. Don haka hatimin wata ƙasa mai suna a jikin falanki bai isa ya kwantar da hankali ba.

Hatimin ma ba koyaushe yake faɗin tafiyar gaba ɗaya ba. Niyu Zilan tana tura gungumai masu yawan gaske zuwa Sin, can a sarrafa su, wani ɓangare kuma ya sake hawa jirgi zuwa wata ƙasa a matsayin allo ko ƙofa ko kayan ɗaki, da sunan ƙasar da aka yi aikin ƙarshe a jikinsa. Irin wannan kaya ya ƙetare teku sau biyu, karon farko ma da ruwansa da ɓawonsa. Saboda irin wannan sarƙaƙiya ne aka kafa tsare-tsaren bin diddigi: ƙungiyoyin ba da shaidar kula da daji, wato FSC a 1993 da PEFC a 1999, Amurka ta faɗaɗa dokarta ta Lacey a 2008 domin ta haɗa da katakon da aka sara ba bisa ƙa'ida ba, Tarayyar Turai ta fara aiki da tata dokar katakon a 2013, sannan a 2023 ta amince da wata sabuwa da ke neman hana shigo da kayan da suka fito daga filin da aka share dajinsa bayan ƙarshen 2020. Waɗannan takardu suna da amfani, kuma na fi natsuwa da katakon da ke da su, amma suna da tsadar samu, ta yadda ƙaramin mai gandu da ke kula da bishiyoyinsa da kyau zai iya rasa su, babban kamfani mai ma'aikatan cike takarda kuma ya samu.

Akwai kuma takardar da masana'antu ke fitarwa mai bayyana tasirin kayansu ga muhalli, wadda ake kira EPD, kuma na koyi karanta ta da taka-tsantsan. A tsarin Turai mai lamba EN 15804 an kasa rayuwar kayan gini gida-gida: A1 zuwa A3 sun ƙunshi daji da dako zuwa masana'anta da sarrafawa, A4 shi ne dako zuwa wurin gini, gidajen C kuma su ne ƙarshen rayuwar kayan. Adadin da ake bugawa da manyan haruffa galibi na A1 zuwa A3 ne, wato ya tsaya a ƙofar masana'anta, kuma idan an cike gidan A4 to an cike shi ne da tunanin mai saye da ke 'yan ɗaruruwan kilomitoci, ba wanda ke wata nahiya ba. Mai shigo da kaya shi ya kamata ya zauna ya lissafa nasa A4. Gyaran da aka yi wa tsarin a 2019 ya taimaka, domin ya wajabta a raba hayaƙin man fetur da kwal daga kabon da ke jikin itacen, a kuma nuna ƙarshen rayuwa, inda kabon nan da aka cire a farko ke dawowa cikin lissafi. Layin man fetur da kwal shi ne wanda nake kwatantawa tsakanin kaya biyu, sauran kuwa tambayar daji ce.

Dattijon kafintan ya sake shigowa maganar ta wata ƙofa da ban yi tsammani ba. Da na nuna masa wani farin falankin sifurus mai santsi da aka shigo da shi, ya danna farcensa a jiki ya ga ya lotsa, ya ce, "Yana da kyau a ido, amma in ba a sa masa magani ba, gara za ta yi biki." Itacen sifurus ya girma ne a ƙasar da ba ta san gara ba, kuma ba shi da juriyar ruɓewa, saboda haka idan aka kai shi wuri mai zafi da danshi ba tare da an ratsa shi da magani ba, kwanansa kaɗan ne. Rufin da aka sake shi bayan shekara 15 maimakon ya kai 60 ya ninka hayaƙin sara da busarwa da dako sau huɗu, ya kuma saki kabon da ake taƙama an ɗaure. Idan tarkacen ya ƙare a juji inda iska ba ta shiga, wani ɓangarensa yakan zama iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 ta fi iskar kabon ƙarfin ɗumamawa kusan sau 27 zuwa 30. Katako kuwa yana iya daɗewa idan an zaɓe shi daidai an tsare shi daga ruwa, domin a wurin ibadar Horyuji da ke Jafan akwai gine-ginen katako da ke tsaye tun wajen ƙarni na 7.

Ba zan manta da abin da ke jiran mutum idan ya fasa katako gaba ɗaya ba. Siminti shi kaɗai yana da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, tan ɗaya na ƙarfe kuma a matsakaici yana zuwa da kusan tan 1.9. Idan ƙin katakon ƙetare zai sa a zuba ginshiƙin kankare da rodi, to sau da yawa gara jirgin ya yi tafiyarsa.

Bayan duk wannan jujjuyawar, ban bar son katakon kusa ba, sai dai dalilina ya sauya. Idan daji biyu duk ana sake shuka su, masana'antu biyu duk da shararsu suke busarwa, to na kusa ne zai yi nasara, kuma ratar tana iya kaiwa kilo 100 ko fiye a kan kowane kubik mita. Amma babbar fa'idarsa a wurina ita ce ana iya zuwa a gani. Zan iya tsayawa a gandun in duba ko akwai ƙananan bishiyoyi a gurbin waɗanda aka sare, in leƙa bayan rumfa in ga ko garin katakon na shiga tukunya ko yana hayaƙi a banza, abin da ba zan taɓa iya yi wa dajin da ke wata nahiya ba, inda sai dai in yarda da takarda. Gani ya kori ji, amma sai an je an gani ɗin, kuma yawancin masu cewa sun sayi na gida ba su taɓa tambayar daga wane daji ya fito ba.

A ƙarshe na raba sayayyar gida biyu. Dogon ginshiƙin tsakiya, wanda ke buƙatar tsawo da ƙarfin da ban samu a kusa ba, na ɗauki na ƙetare wanda aka manna falle-falle aka kuma ratsa shi da magani, mai takardar daji, na lissafa dakonsa da kaina na rubuta a littafina. Sauran katakon rufin kuwa daga wani gandu da aka shuka na samo shi, bayan na je na zaga shi da ƙafata na ga layukan sabon dashe, kuma na nemi a yanka shi a kusa da gandun domin kada mota ta yi dogon dako da ɓawo da gefe-gefe. Ɗanye ya iso, muka jera shi ƙarƙashin rumfa da 'yan sanduna a tsakani, aikin ya tsaya cik har wata biyar, abin da ya jawo mini surutu daga masu ganin na cika tsirfa. Duk mako biyu dattijon yakan zo ya zaro falanki ɗaya daga tsakiyar jerin, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da bayan guduma ya saurari ƙarar. Sau da dama yana mayar da shi bai ce kome ba. A zuwansa na goma ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta fito tar, ya juyo ya ce mini in aika a kawo ƙusa.